Shekarar da Na Ci Bangon Ɗakina

Ni dai matar wanzami ce, kuma wadda ba ta zauna da wanzami ba ba za ta gane nauyin wannan magana ba. A wurin maigidana, Allah Ya jiƙansa, babu ciwon da ya gagari ƙaho. Ciwon kai, ƙaho. Ciwon baya, ƙaho. Ko hamma ka cika yi a gabansa sai ka ga ya fara lalubar zabira. Mutumin kirki ne, hannunsa da sauƙi, duk Tambuwal an san shi. Amma ya kusa ƙarasa ni da ƙauna, kuma yau sai na faɗi yadda anka yi.

Lokacin ina da ƙuruciya, ana ciniki da kuɗin wuri, ba mu ko san kamannin Nasara ba. Na yi haihuwar fari a gidanmu, ɗiya mace, na kuwa zubar da jini ba kaɗan ba. Anka yi ta gasa ni da ruwan zafi, anka ɗura mini kunun kanwa, da anka yi arba'in anka maido ni ɗakina da lalle a ƙafa. Kowa na cewa na yi fari, jego ya karɓe ni. Fari kam na yi shi, sai dai ba na lafiya ba ne.

Wata gajiya ta sauko mini wadda ban taɓa sanin irinta ba. Ba irin ta sussuka ba ce, da in ka kwanta ka tashi ta wuce. Wannan da ita nake kwana, da ita nake tashi. In na ja guga ɗaya sai na nemi abin dafawa, zuciya na dukan ƙirji, kunne na ƙara. In na ɗago daga ruku'u sai ɗaki ya juya. Rana tsaka mutane na zufa, ni ƙafafuna sanyi ƙalau. Mai kitso ta zo ta tsefe ni, ta tara gashin da ya zube a tafin hannu ta ce, "To, wanga za mu kitsa ko na kan?" Munka yi dariya. Da ta fita na shiga ɗaki na yi kuka.

Sai kuma kwaɗayin ƙasa. Wallahi in anka yi yayyafi ƙamshin ƙasa ya tashi, yawuna har tsinkewa yake yi. Bayan gadona an shafe bango da farar ƙasa, nan na fara ɓantara da farce, kaɗan-kaɗan, ina taunawa ina lumshe ido. Kafin wani lokaci na yi ramin da kaza za ta iya ƙwai a ciki. Maigida ya gani, ya ce ɓera ne, ya kwaɓa ƙasa ya toshe. Ba a jima ba rami ya dawo. Ya riƙe haɓa ya ce shi bai taɓa ganin ɓera mai naci irin wannan ba. Na ce ni ma haka.

Da ya ga laushina ya yi yawa, sai ya yanke hukunci irin nasa: mataccen jini ne ya taru bayan haihuwa, shi ya yi mini nauyi. Ya zaunar da ni a tabarma, ya yi tsaga, ya kafa mini ƙaho a ƙeya da gadon baya. In ya cire sai ya nuna mini yana murna. "Kin gani? Dubi baƙinsa! Duk a jikinki yake." In na ƙara laushi sai ya ce ai saura bai fita ba, a sake. Ni kuma na yarda. Don me zan ƙi? Mutane na tasowa daga ƙauyuka su yi jiransa a zaure, ni ga shi har ɗaka.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya ci mini rai yarinyar ce. Nono ya ja baya, tana tsotsa tana kuka. Ran nan na tashi da ita a baya zan duba tukunya, jiri ya ɗebe ni, na zube gwiwa biyu a bakin murhu. Allah Ya tsare, wuta ba ta taɓa ta ba. Amma uwar mijina, wadda muke kira Inna, tana tsaye ta gani. Ba muguwa ba ce, tsoro ta ji. Ta kwance yarinyar daga bayana, ta ce, "Yayarku ta Dogon Daji na shayarwa, nono gare ta har ya yi yawa. In an gama kaka ta zo ta ɗauki ɗiyar nan."

Wannan yayar mijin nawa 'ya'yanta duka maza ne, ta daɗe tana roƙon Allah mace. Kowa kuwa ya san yaron da anka kai riƙo irin haka ba ya dawowa. Can za ta yi wayo, can za ta kira wata uwa, ni sai dai in gan ta da salla.

Ga kuma al'ada ta ɗaure mini baki. Ɗiyar fari ba a kiran sunanta, ba a yi mata wasa gaban mutane, in an tambaye ki lafiyarta sai ki sunkuyar da kai kamar ba ki ji ba. Uwar kirki in anka ce za a ɗauki ɗan farinta, cewa take yi an rage mata aiki. Don haka na ce, "To, Inna." Amma ina son yarinyar nan son da ban san ana yin irinsa ba. In ba kowa sai in yi ta shinshinar wuyanta ina kallon yatsunta.

Ana cikin haka Allah Ya jeho Goggo, ƙanwar babana, wadda ke aure a Kebbe gidan maƙera. Ta biyo ayarin 'yan kasuwa don ta ga jaririya. Mace ce gajera mai murya, in tana gaisuwa maƙwabta na zaton faɗa ake yi. Ko ruwa ba ta sha ba ta tsura mini ido. Ta jawo ni haske, ta gwale fatar idona, ta buɗe tafin hannuna, ta ce in fito da harshe. Ta dubi faratana da sunka lotsa a tsakiya.

"Kina cin ƙasa?"

Na kau da kai.

"Kina ci. Ni ma na ci, da na haifi tagwaye, saura kaɗan in cinye rumbu." Sai idonta ya faɗa kan tsagar ƙeyata. Ta ɗaga zanena ta ga bayana. Ta yi salati har ƙarshe. "Wa ya yi miki wagga aika-aika?"

Anka kira maigida. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa bakin ƙofa yana gaisuwa. Goggo ba ta amsa ba.

"Kai yaro, in ruwa ya yi ƙasa a tulu, ƙarawa ake yi ko kwashewa?"

"Goggo, ai mataccen jini ne nake cirewa."

"Matacce da mai rai duk ka kwashe! Dubi idon ɗiyata, ina jinin yake? Ko kaza ka yanka ta fi ta."

Bawan Allah ya yi ta sosa ƙeya. Ni kuma dariya na cina, ba ni da ƙarfin yin ta.

Inna ta yarda Goggo ta tafi da ni da jaririya, amma ta ce maganar kaka na nan. Anka ɗora ni a jaki kamar buhun gero, Goggo ta goya yarinyar, munka bi ayari sai Kebbe.

Abu na farko da ta yi, ta sauke ni a ɗakin kara. Na ce, "Goggo, ga ɗakin ƙasa can ba kowa." Ta ce, "Awo, don ki rushe mini shi? In kina iya cin zana, bisimilla."

Maganin kuwa na gidan ne, tun kakanninsu suke yi wa matan da jini ya ƙare musu. Kullum da safe mijin Goggo zai sa guntun tsohuwar hauya a wuta, ya yi ta zuga har ya yi ja wur, ya ɗauko da awartaki ya tsoma a kaskon ruwa. Ruwan ya yi cuuu, tururi ya tashi. In ya huce Goggo ta tace, ta zuba jiƙon tsamiya, ta miƙo mini. Kai! Ban taɓa shan abu mai ƙarni irin wannan ba, kamar kana lasar wuƙa. Na ce ba zan iya ba. Ta ce ai ba tambayata ta yi ba. Bayan wannan sai hanta, wadda take zuwa da kanta ta tsare mahauci tun bai gama fiɗa ba, a gasa sama-sama a ba ni da zafinta. Miya kullum ta ganye, yau zogale, gobe rama, jibi yakuwa da wake. Da yamma kuma dafaffen karan dafi, ja kamar rini.

Ba a daɗe ba na zaga bayan gida na ga abin da ya fito baƙi ƙirin. Na dawo da kuka na ce Goggo ta yafe mini, cikina ya ruɓe. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta kira matan gidan ta ba su labari, su ma sunka tuntsire. Ashe ƙarfen ne, kowa haka yake yi. Ni dai ban ga abin dariya ba a ranar.

Maigida ya biyo mu dubiya, da zabirarsa a kafaɗa. Goggo ta tare shi a ƙofa ta karɓe zabirar, ta rataye a ɗakinta, ta ce sai zai tafi. Da ya rasa abin yi da hannunsa sai ya zauna yana yi wa surukinsa zuga, ya koma baƙi da gawayi. Da munka keɓe ya duba hagu ya duba dama, ya rage murya ya ce, "Ko ɗan guda ɗaya a ƙeya?" Na ce zan faɗa wa Goggo. Bai sake ba. Ranar kasuwa shi ya je ya sayo hantar, kuma ya sayo ta wuce ƙima.

Sauƙin bai zo da gaggawa ba. Na daɗe ina sha ban ga komai ba, ga gero ya fitar da kai a gonaki, ina kallonsa gabana na faɗuwa. Sai a hankali ƙarar kunne ta tafi. Na fara zuwa rijiya in dawo ban zauna a hanya ba. Nono ya sauko har yana jiƙa mini zane, yarinya ta yi kumatu. Wata safiya Goggo ta sa mini ido a kan yadda nake dama fura, tana ta gyara mini, ban san lokacin da na ce, "Haba Goggo, tun ina 'yar mitsitsiya nake damu, ki bar ni mana!" Na dafe baki. Ita kuwa ta rangaɗa guɗa. "Alhamdu lillahi! Mafaɗaciyar ta dawo." Ta gwale idona ta nuna wa matan gidan yadda ya yi ja.

Da anka kai amfanin gona gida maigida ya zo ɗaukata. Goggo ba ta biyo mu ba, ta ce ta yi nata. Rabin hanya da ƙafata na taka, da goyo a baya, jaki na biye da kaya. Ina ta murna, a zatona magana ta mutu tunda ga ni garau.

Muna shiga gida na tarar da Yaya ta Dogon Daji zaune a tsakar gida, mata sun kewaye ta. A cinyarta ga sabon majanyi na saƙi, mai ratsin baƙi da fari, wanda ta sa anka yi don ranar. Anka yi gaishe-gaishe, kowa na mamakin jikina. Inna ta juya ni ta ce ma sha Allah. Sannan ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Kin warke kam. Amma an riga an yi wa yayarku alkawari, ta taso tun daga can. Ke kuma yarinya ce, wasu na tafe."

Na dubi maigida, ya sunkuyar da kai. Ba zai iya musu da uwarsa ba, ni ma ban sa rai ba. Yaya ta tashi da fara'a, ta zagayo bayana, ta sa hannu za ta kwance goyon. Na ji yatsunta a kan ƙullin zanena.

Na riƙe ƙullin gam. Na ce, da muryar da duk gidan ya ji, "Yaya, ki yi haƙuri. Ɗiyata ce. Ina son ta. Don ita na sha ruwan ƙarfe, ba don kaina ba."

Wata tsohuwa maƙwabciya ta tafa hannu ta ce, "La'ilaha! Yau ga marar kunya, ɗiyar fari!" Sai mata sunka fashe da dariya, har Inna ta rufe baki da gefen mayafi. Ni ko hawaye nake yi, amma ban saki ƙullin ba. Har na tsufa ana yi mini tsiya da wannan rana, kuma ko sau ɗaya ban ji haushi ba.

Yaya ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon yarinyar. Sannan ta warware sabon majanyin, ta ɗora a kan goyona, ta zagayo da shi ta ɗaure mini da hannunta, ta ja shi tamau. Idonta ya cika. Ta ce, "To ki riƙe ta da kyau. Da tawa ce, ni ma ba mai karɓa."

Na shiga ɗaki na sauke yarinyar a cinyata. Ta dube ni tana wasa da bakin majanyin. Na kira sunanta, sunanta na yanka, karo na farko tun da na haife ta. Ta ɗago kai.