Macijin da Autana Ya Bar Mini

Ko zan manta komai na zamanmu a Riyad, ban da ranar da macijin autana ya ci abinci.

Da yaron zai tafi jami'a a gida Najeriya, sai ya bar mini amanar ɗan macijinsa a akwatin gilashi, irin wanda ake kira macijin masara, ja-ja, siriri kamar fensir, ba shi da dafi. Ni da ko sunan maciji ba na kamawa, sai dai in ce igiyar ƙasa! Maigida tun safe yana ofishin jakadanci, gidanmu na unguwar Badi'a shiru, daga ni sai ƙarar na'urar sanyi da wannan halitta.

Abincinsa jinjirin ɓera ne daskararre, ga su nan a firiza kusa da daddawata. In jiƙa ɗaya a ruwan ɗumi, in kama da hantsaki in miƙa masa. Ya ƙi. Ni kuwa ban iya ganin baƙo ya ƙi abinci ba. Na dinga bin sa lungu-lungu ina dungura masa a baki, ina cewa, "Ci mana, ɗan nema!" Makonni suka shuɗe yana ramewa. Tsoro ya kama ni kada amana ta mutu a hannuna. Kullum sai na kira yaron, wani lokacin ya ɗauka, wani lokacin a'a.

Ranar nan na nuna masa ta bidiyo yadda nake yi. Da Hausarsa mai gauraye da Larabci ya ce, "Khalas, ya isa, Mama! Ki ajiye, ki rufe, ki fita. Ba ya ci in ana tsaye a kansa." Sai ya ƙara, "Ni ma haka kike yi mini."

Maganar ta soke ni. Na ajiye ɓeran, na lulluɓe akwatin da tsohon zanena, na koma falo na sha kukana. Bayan la'asar na ɗaga zanen: babu ɓera, ga ɗan tudu a cikinsa.

Na ɗauki hoto na tura wa yaron, na ɗaure hannuna ban sake kira ba. Kwanakin sun yi mini tsawo ƙwarai. Ran nan sai ga wayarsa: "Mama, yaya ake kaɗa miyar kuka?"

Tun daga nan na koyi cewa wanda kake ƙauna, ka ajiye masa, ka ja da baya. In yunwarka ta kama shi, da ƙafarsa zai zo.