Ranar da Na Ga Numfashin Ɗana

Hunturu ne, kuma sanyin shekarar nan bai raga wa kowa ba. A gidanmu na haya a unguwar Faisal, can ƙasar Larabawa, wanki sai ya kwana biyu a baranda bai bushe ba. Ni kuwa hankalina ba ya jikina, tun da aka kwashi ɗan farina da 'yan ajinsu aka kai su wani ƙaramin gari cikin duwatsun Sina'i, inda jami'arsu ke da masauki don masu karatun tsirrai. Wata biyu za su yi. Yaron nan da ciwon ƙirji ya tashi. Tun yana goye nake kasa kunne ina sauraron numfashinsa, har ya yi gemu ban daina ba.

Sai ga wasiƙarsa. Lafiya lau yake, in ji shi, amma rubutun a karkace, kamar na mai rawar hannu. Na ce wa maigida mu je mu ɗauko shi.

"In ya baro wurin nan, karatun bana ya tafi ke nan," ya ce.

"Ya tafi, Alhaji. Sai ya sake baɗi."

Bai yi musu ba. Direba ne a ofishin jakadanci, ya nemi hutun kwana biyu, ya ari motar abokinsa.

Mun wuce Suwes da hantsi, muka yi ta tafiya cikin rairayi, sannan hanya ta fara hawa. Duwatsu jajaye suka taso mana hagu da dama, tsirara, ba ko ciyawa. Da la'asar ta gabato sai na hango fari a kawunansu. Na ɗauka gishiri ne. Maigida ya ce dusar ƙanƙara ce, kuma babban nan na baya shi ne dutsen da Annabi Musa ya gana da Ubangijinsa. Wurin da muke ji a bakin malamai tun muna yara, ashe yana nan a doron ƙasa, har mota na zuwa gindinsa.

Garin ɗan mitsitsi ne: gidajen dutse, gidan burodi ɗaya, raƙuma sun durƙusa da farin abu a gashinsu. Shiru ya yi yawa, har kana jin takunka yana ƙurus-ƙurus. Na duƙa na taɓa dusar ƙanƙarar da ke ƙasa. Ba ta da nauyi ko kaɗan, amma sai da yatsuna suka yi zafi kamar na taɓa garwashi.

A ƙofar masaukin wani dattijon maigadi ya tare mu, ya naɗe kansa har hanci. Ya tambayi sunan wanda muke nema. Muka kalli juna. Yaron nan sunan mahaifin maigida ya ci, shi ba ya faɗa. Ni kuma ga kunyar ɗan fari, ga ta suruki.

"Baƙi ne, dogo," in ji maigida da Larabcinsa na direbobi.

Maigadi ya ɗaga yatsu uku. Baƙaƙe dogaye uku gare shi, biyu 'yan Sudan. Ya ce, "Ya Hajiya, kin haifi ɗa, kin yi tafiyar yini guda, kin manta sunansa?"

Maigida ya zunguro ni. "Ke ce 'yar yaƙi da jahilci. Rubuta masa, ba a ce hannu ma na kunya ba."

Na rubuta a bayan ambulan, harafi ɗaya-ɗaya, ina kau da kai. Maigadi ya juya takardar sama da ƙasa, boko ba nasa ba ne. Ya kai wa wani malamin ɗaliban. Malamin ya fito yana dariya, ya ce ma'alish, wato ba komai, suna kan dutse, yanzu za su sauko.

Muka tsaya muna jira. Can sai ga su a jere, ƙanana kamar tururuwa a jikin farin nan. Na gane tafiyarsa tun daga nesa. Shi ne na biyu a gaba, da jaka a baya, har yana waiwaye yana jan wani. Yaron da benen Faisal hawa uku ke tsayar da shi sau biyu.

Ya iso ya durƙusa. "Inna, lafiya? Me ya faru a gida?"

Na dubi maigida. "Ka tambaye shi, me ya sami hannunsa da rubutu ya lalace?"

"Sanyi ne, Baba. Da safar hannu na rubuta."

Yana magana, hayaƙi fari na fita daga bakinsa. Kowa haka, har ni, amma nasa nake kallo. Shekara ashirin da ɗoriya ina sauraron numfashin nan da kunne, ranar na gan shi da idona. Yana fita dogo, bai yanke ba, ya tashi sama ya ɓace. Ya ciro wani ɗan ganye daga jaka, ya ce a ƙarƙashin ƙanƙara ya tono shi, kuma a duwatsun nan kaɗai yake fitowa. Na shinshina, ƙamshi kamar na na'ana'a. Ya yi tari sau ɗaya. Na jira na biyu, bai zo ba.

"To, Hajiya, ya haɗa kayansa?" maigida ya tambaya a hankali.

Na ce a bari gari ya waye.

Da asuba famfo ya daskare, sai da aka ɗumama mana ruwan alwala. Bayan salla na shiga kicin ɗin masaukin, na kwance ƙullin citta da kanumfari da masoro, na nuna wa kukunsu yadda zai riƙa jefawa a shayin safe. Ya ɗanɗana, ya yi atishawa, ya ce tamam, wato ya yi daidai. Na cire bargon da na rufa da shi a mota na miƙa wa maigida.

"Ka ba shi. Ka ce masa ya riƙa rufe ƙirji, kuma in zai rubuto wasiƙa ya cire safar."

Na shiga mota na zauna. Ta madubin gefe na ga yaron ya ɗaga hannu, sai na gyara mayafina.