Asibi Ba Ta Taɓa Ɗora Kaya a Ka Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Asibi ta rasu. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Maris na 2012, da hantsi, aka tsinci gawarta a kan 'yar hanyar da ta bi ta gindin dutse, bayan unguwarmu a nan Dutse Alhaji. Kafin azahar an binne ta. Ni na yi mata wanka, ni da Maimunat matar liman.

Ni ba mai kuka ba ce. Na binne miji, na binne 'ya'ya biyu, hawayen da Allah ya ba ni tuni na gama da su. Mutuwa kuma ba baƙuwa ba ce, kowa jiran tasa yake. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne labarin da aka kawo mana tare da gawar. Zan zo kansa. Bari in fara faɗin wace ce Asibi, saboda waɗanda ba su san ta ba.

Asibi, ke 'yar Yangoji ce, aure ya kawo ki Dutse tun ana noman doya a inda benaye suke tsaye yanzu. Mu muna ce muku Gwari, ke kina cewa Gbagyi, kuma ba ki taɓa gajiya da gyara min ba. Kina sai da doya da itace a bakin titin Bwari, ni ina tuyar ƙosai a gefenki. Shekara da shekaru gaisuwa ce kawai tsakaninmu, sai faɗan hayaƙi in iska ta juyo wajenki.

Ranar da 'yan sanda suka yi kamen 'yan acaɓa a mahaɗa, suka haɗa da autana Tawfiq, ranar na san ki. Ina zaune gaban kasko na rasa ta yi, kika tsaya a kaina.

"Mama Yelwa, tashi. Ɗauko tabarma."

Na ce, "Tabarmar me? Biki za mu?"

"Ɗauko dai. Da faranti."

Kika saɓo buhun agushi, muka je ƙofar caji ofis, kika shimfiɗa tabarma daidai inda motarsu ke shiga, kika zuba min agushi a faranti kika ce in fara ɓarewa. Wani kofur ya fito yana zabga mana turancinsu na buroka. Ko kai ba ki ɗaga ba.

"Oga, aiki muke yi. Yaro namu yana ciki. In ta fito, mu tafi."

Haka kike Hausarki, namiji ya zama mace, mace ta zama namiji, amma duk wanda kika yi wa magana ya gane. Kafin la'asar mata sun cika ƙofar, kowa da farantinta. Ba waƙa, ba zagi, ba kwali a hannu. Ɓawon agushi kawai iska ke kwasa tana kai musu har kan kanta. Wace doka ce ta hana tsohuwa ɓarar agushi? Sun duba ba su samu ba. Suka sako Tawfiq.

Na kama hannunsa zan ja shi gida, kika tare mu. Kika ce, "Cire riga." Ya cire a nan bakin ƙofa, gaban kowa. Bayansa kamar an yi wa gona kunya. Kika juya wajen kofur ɗin nan kika ce, "Oga, ka gani? Mu ma mun gani." Daga ranar ya zama ƙa'idarmu. Ba a sako ɗa mu tafi da shi sai ya cire riga mata sun gani.

Gaskiya ban yarda da ke nan take ba. Na ce me matar nan ke nema? Kansila za ta tsaya, ko wani ɗan siyasa ne ya ɗauke ta haya? A Abujar nan ba a yi maka alheri haka kawai. Na sa miki ido shekaru, ina jira in ga ranar da za a sauke miki buhu a ƙofar gida. Ban gani ba. Kin mutu da zannuwanki da na san ki da su.

Ke kika fara nuna min cewa kowa da sunan da 'yan sanda suka ajiye masa. In Bahaushe ne a kan babur, aboki ne, ɓarawo ne tun kafin a tambaye shi. In ɗanku ne, ɗan ƙauye ne, bai san komai ba, a dake shi ba mai zuwa. In Ibo ne, yana da shi, a matse shi ya fitar. Ɗan gidan manya kuwa, mai katin ma'aikatar gwamnati a wuya, ƙamewa suke su sara masa ya wuce. Kika ce, "Bulala ba ta jin yare." Da aka kama mijin Mabel, mai sai da katako a Dei-Dei, wasu matanmu suka ce su ba za su bar sana'a su je zaman rana saboda Ibo ba. Kika ce, "To. Wanda ba ta zauna wa Mabel ba, ranar da an kama nata kar ta buga ƙofana." Duk suka ɗauko tabarma.

Ba zan ce ke waliyyiya ce ba. Kina da mulki, kina da baki, kuma ba ki taɓa yi min ragi a doya ba ko ranar salla. Amma da mahaifin Tawfiq ya rasu na zama ni kaɗai ba miji, ke ce kike aiko min da itace duk damina ba tare da na roƙa ba, ki ce wai jiƙaƙƙe ne ba mai saya. Busasshe ne. Ni da nake hura shi na sani.

To, ga yadda abin ya faru.

A watan Janairu 'yan sanda suka sako wani Nathan, ɗan dako mai lodin manyan motoci a Dei-Dei. Ɗauko shi aka yi, ƙafafunsa ba sa taka ƙasa, har yau ba sa takawa. Wata lauya, Barista Nazeefa, ta kai maganar gaban wani kwamitin bincike. Asibi ce ta cire masa riga a bakin ƙofa, don haka ita ce babbar shaida. An sa zama ranar Litinin mai zuwa.

Ranar Talata da rana, Wakili, wato wakilin mai unguwa, ya zo wajen doyarta. A kunnena aka yi. Ya ce oga na caji ofis yana son a zauna a sasanta, amma ita kaɗai, ban da tabarmi. Na ce, "Asibi, kar ki je ke kaɗai." Ta yi dariya ta ce, "Mama Yelwa, rana tsaka ne. Wa za ta cinye ni?" Ta bar min jiran doya ta bi shi. Magariba ta yi, na rufe doyar da buhu. Ɗanta Lukmanu ya je caji ofis tambaya, suka ce ai tun ɗazu ta tafi.

Washegari aka ce wai itace ta je yi, santsin dutse ya kwashe ta, kayan da ke kanta suka karya mata wuya. Na je wurin kafin a ɗauke ta. Ga damin itace a gefe, an ɗaure shi tsaf. Ga kuma gammo kusa da kanta, sabo, na tsumman atamfa.

Gammo!

Duk wanda ya zauna da mutanen nan ko wata ɗaya ya san matansu ba sa ɗora kaya a ka. A kafaɗa suke ɗauka, ko doya ce, ko itace, ko tulun ruwa. Na sha tsokanar ta, in ce Allah ya ba ki kai kin ƙi amfani da shi. Sai ta ce, "Kai sarki ne, ba a ɗora wa sarki kaya." Tun tana yarinya a Yangoji har ta yi furfura ba ta mallaki gammo ba. Wanda ya naɗa gammon nan ya ajiye, ya ɗauka duk tsohuwar da ke sai da itace irin ɗaya ce. Bai taɓa tsayawa ya kalli Asibi tana tafiya ba, balle ya san ta.

Sannan ina da tambaya, Wakili, tunda ka iya karatu. Wa ke fitowa daga caji ofis ya wuce dutse yin itace ba gatari, ba igiya, doyarsa na bakin titi? Kuma yaya aka yi ka iso gidan da likkafani a leda tun kafin Lukmanu ya dawo daga ganin gawar? A wace kasuwa ka saya, kuma da wane lokaci? Kai ne ka yi ta cewa Musulma ce, a gaggauta, zafi ake yi. Gaskiya ne ana gaggauta Musulmi. Amma na ga an jira ɗan mai kuɗi ya taso daga Kaduna. Yayanta Enoch daga Yangoji kawai zai taso, nan cikin Abuja, ya iso ya tarar an dawo daga maƙabarta.

Yanzu ga maganar da ta fi min nauyi. Na fi shekara ashirin ina wankan gawar mata a unguwar nan. Mai wanka ba ta faɗin abin da ta gani. Amana ce, da ita aka ba ni aikin, kuma ba wadda za ta ce ta taɓa jin sirrin uwarta a bakina. Na je wajen liman na tambaye shi. Ya ce a rufe abin da zai kunyata mamaci. Na ce, "Malam, in kuma abin ba mamaci zai kunyata ba, masu rai ne fa?" Ya ci gaba da jan carbinsa. Bai ce in faɗa ba, bai ce kar in faɗa ba.

To zan faɗa, Asibi, ke kika koya mana duba baya. Wuyan hannuwanki biyu akwai shatin igiya, ya ci fata. Bayanki akwai sawun duka a jere, irin wanda ni da ke muka sha gani a bakin ƙofar nan. Tafin ƙafafunki a kumbure. Tsakar kanki kuwa lafiya lau, ko ƙwarzane babu, ko ɓawon itace ɗaya babu a gashinki. Dutse ba ya ɗaure hannu. Ban ce ga wanda ya yi ba, don ba na nan. Abin da hannuna ya wanke na faɗa.

Maimunat ta ce ita idonta ba ya gani sosai. Ban ga laifinta ba, tana da 'ya'ya maza a kan babur. Matan tabarma ma duk sun shige ɗaka, in na gaishe su sai su amsa ta labule. Mabel kaɗai ta zo ta ce, "Mama, in kin tashi ki kira ni."

Lukmanu, saura kai. Na ga buhun shinkafar da aka sauke ranar sadakar uku, na kuma san daga inda ya fito. Na ji Wakili yana yi maka maganar aikin direba. Kana da mata da yara, ban ce yunwa wasa ce ba. Amma Barista ta ce ba za ta iya ɗaga maganar mutuwar uwarka ba sai kai, babban ɗanta, ka buɗe baki ka ce a bincika. In ka yi shiru, shi ke nan, faɗuwa ta yi da itace a ka, haka jikokinta za su taso su ji. Ni na yi wa matarka wankan jego tare da uwarka, ina da bakin da zan gaya maka: ka ci shinkafar in ka ga dama, amma kar ka haɗiye maganar da ita.

Ke ma Barista, ban gama yarda da ke ba. Masu mota in abu ya yi zafi suna da inda za su juya, mu nan muke kwana. Amma ba ni da wata lauya sai ke. Ranar Litinin ki zo ki ɗauke ni. Ni ma na ga bayan Nathan, zan faɗi nasa, sannan in faɗi na Asibi, ko an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba. In bayan nan mutanen unguwa sun ce ba za su ƙara ba ni gawarsu ba, sai su nemi wata. Na tsufa, dama gwiwata ta gaji da durƙuso.

Ina yi wa Lukmanu da ƙannensa ta'aziyya, da Enoch da duk dangi na Yangoji, masu zuwa masallaci da masu zuwa coci, da Nathan da ya rasa mai tsaya masa, da duk matar da ta taɓa ɓarar agushi a ƙofar nan. Allah ya ba ku haƙuri, ya kuma ba ku zuciya, don haƙuri kaɗai bai isa ba.

Allah ya jiƙan Asibi. Allah ya gafarta mata kurakuranta, ya yalwata mata kabari, ya sanyaya mata makwanci. Yadda ta zauna cikin rana saboda 'ya'yan wasu, Allah ya zaunar da ita a inuwa ranar da babu inuwa sai tasa. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Wanda ya ɗaure hannuwan nan kuwa, ban roƙa masa komai ba tukuna. Sai na san sunansa.

Yelwa, matar marigayi Malam Kure
Dutse Alhaji, Abuja