Kuɗin Ƙofa da Kuɗin Goshi

Mun tashi daga Ƙonni ana sallame asuba, ni da wani abokina tela, a bayan wata Pijo da ta girmi direbanta. Kokawar kaka za mu gani a wani ƙauye bayan Illela. Ni dai in an ce kokawa, ko zazzaɓi nake yi sai na miƙe.

A Tsarnawa muka tsaya shan shayi, manyan motocin siminti na Malbaza suna wucewa suna girgiza mana kofuna. Mai shayi ya ƙara kuɗi. Da na yi ƙorafi sai ya ce sukarin daga Najeriya yake zuwa, kuma shi ma sai ya gaisa da 'yan duwan, wato kwastan, kafin ya iso. Daga nan muka ɗauki hanyar Tawa. Kwalta lafiya lau har Badagishiri, inda muka karya hagu muka hau jar hanya, ƙugunmu ya gaya mana. An gama girbi, ko'ina damman gero ne jingine da rumbuna.

Da hantsi muka sauka. Mai masaukinmu ya kawo fura mai kauri, muna sha yana ba mu labarin da ya hana garin sukuni. Al'adarsu ita ce, kuɗin da ake karɓa a ƙofar fili ana cire wani kaso a ba tsofaffin 'yan kokawa waɗanda fili ya karya. Bana na Baba Tunau ne. Ƙaba ce ta kama shi, likita ya ce in ba a yi masa aiki da wuri ba, wata rana hanji zai murɗe. To sai ga oda daga buro, wato ofishin hukuma: daga yau wannan kason asusun yawon buɗe ido za a kai shi, don tallata kokawar yankin ga baƙi.

Raina ya ɓaci. Na je na gaida Baba Tunau a gindin wata bishiyar bedi. Ƙaton mutum ne har yanzu, amma zamansa a karkace, hannu ɗaya dafe da mara. Bai yi maganar kuɗi ba ko sau ɗaya, sai tambayata yake ko har yau Ƙonni ba ta haifi namijin da zai iya tsayawa a fili ba.

Ma'aikacin da buro ya turo yana zaune a ƙofa da ƙaramin akwati. Na nufe shi da niyyar faɗa, sai na tarar da saurayi siriri, rigarsa ta sha wanki har ta koɗe. Ya ce, "Malam, anasara kullum wucewa sukai zuwa Agadas, ko ruwa ba su tsayawa saye. In anka kafa allo bakin kwalta, anka buga hotuna, mota guda ma ta tsaya, matan garin ga sun sai da tabarmi. Na san zancen Baba. Amma oda daga sama ta hito, ni mi ni ka iyawa?" Maganarsa ba ƙarya ba ce. Na biya na shiga.

Bayan la'asar fili ya cika maƙil. Zakaran yankin wani ne Na-Hantsi, baƙi gajere, wanda makaɗansa ke yi wa kirari da cewa ƙasa ba ta san jikinsa ba. Duk wanda aka fito masa da shi, kafin ka gyara zama ya kai shi ƙasa. Da abokan karawa suka ƙare, sai ya ratsa fili ya je gaban Baba Tunau ya durƙusa.

"Baba, kai ɗai ka rage min. Taso."

"Kai yaro, kana da hankali kuwa?"

Makaɗa suka juya kiɗa zuwa wani tsohon take, tsofaffin wurin suka miƙe tsaye. Aka kama Baba ya tashi, aka ɗaura masa walki a kan wando. Suka riƙe juna. Na-Hantsi ya yi ta zagaye da shi a hankali, kamar mai tallafe da tulu cike da ruwa. Sai tsohon ya sa ƙafa, zakara ya tafi da baya, tim! Sarkin fili ya ɗaga hannun Baba Tunau.

A nan na gane. Kuɗin ƙofa na buro ne, amma abin da aka manna wa mai nasara a goshi nasa ne, ko sarki ba ya taɓawa. Fili ya ɓarke. Manoma, Fulani, mata masu sayar da ƙosai, kowa ya yi kansa da abin da ke hannunsa. Abokina tela, wanda ban taɓa ganin ya saya wa kowa goro ba, har gudu yake. Shi ma ma'aikacin buro ya damƙa wa wani akwatinsa, ya shigo ya zaro daga aljihunsa ya manna. Na yi ƙwalla, ba zan ɓoye ba.

Washegari motarmu ɗaya da Baba Tunau, ɗansa zai kai shi asibiti. Aka ba shi gaba, kusa da direba. Da muka hau kwalta sai ya leƙo ta taga ya ce mana, "Ku lura, ƙafar da nis sa mai ta gaske ta." Muka ce ƙwarai kuwa, Baba, kowa ya gani.

Mun iso Ƙonni da azahar, jiki duk ciwo. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, hukuma tana iya raba kuɗin ƙofa yadda ta ga dama, wataƙila ma allon ya tsayar da baƙi, ina yi musu fata. Amma ban ga hoton da zai nuna musu abin da na gani ba. A fili faɗuwa faɗuwa ce, ba a tambayar dalili. Daga ranar nan makaɗan Na-Hantsi ba za su sake cewa ƙasa ba ta san jikinsa ba, kuma ya san haka tun kafin ya durƙusa.