Hajiya Raki a Gidan Malam

Shekara talatin da takwas Hajiya Raki ta yi tana sayar da wake a kasuwar Dawanau ta Kano, kuma duk tsawon lokacin nan ba ta da abokin gaba irin ƙwaro. Idan aka kwance mata buhu, hannu kawai take cusawa ta shinshina, ta gaya maka ko akwai ɓarna a ƙasa. In ta ga tsutsa na motsi a faifai, babban yatsanta ya riga ya murje ta kafin ita kanta ta ankara, sannan ta tashi ta wanke hannu da sabulu tana tsaki. Da waken nan ta riƙe 'ya'ya biyu bayan rasuwar ubansu, har Abdurrahim ya zama likita a Birmingham, Zinatu kuma ta tafi Manchester karatun digiri na uku. Su suka haɗa baki suka ɗauko ta, wai ta zo ta huta wata shida.

Wane hutu! Wata biyun farko a ɗan ɗakin Zinatu ta yi su, kuma a makon farko ta ga wata mata a tashar bas ta bar kare yana lasar bakinta. Ranar ko abincin rana ba ta iya ci ba. Ta ga yaran da Zinatu ke haɗa kicin da su suna wanke kwano su kife shi da kumfarsa, babu ɗauraya. Wanda ya fi ci mata rai shi ne waken gwangwani, an jiƙa shi a ruwan tumatir mai sukari har ya yi yauƙi. Ta ɗanɗana sau ɗaya, ta tofar a tsumma, ta ce wannan cin mutuncin wake ne. Tun daga lokacin ba ta fita sai da ƙaramar buta da sabulunta a jaka.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya hana ta sakat yana gidan Abdurrahim a unguwar Erdington ta Birmingham, inda ta koma daga baya, shekarunsa bakwai, sunansa Shifa. Jikar tata ba ta da rashin kunya, kuma matsalar ke nan. Inda Hajiya ta fito, jika ba ta yi wa kaka ladabi. Tsokana take yi, ta ɓoye mata goro, ta ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe, kakar ta rama, a yi dariya. Haka Hajiya ta yi da tata kakar, haka kuma ta zo da shirin a yi da ita. Amma Shifa in za ta wuce sai ta ce, “Excuse me, Grandma,” kamar ta haɗu da baƙuwa a layin asibiti. Ran nan Hajiya ta gwada buɗe wasan, ta ce mata mai ƙafa kamar tsinken tsire. Abdurrahim, da rashin dabara irin tasa, ya fassara kalma bayan kalma. Yarinyar ta fashe da kuka, uwarta Latifa ta yi awa guda tana lallashi. Daga ranar Shifa ta koma bin bango in ta hango kakarta, ga shi saura kwana tara Hajiya ta koma Kano.

Ranar Juma'a da la'asar sai ga yarinyar a ƙofar ɗaki, hannu a baya, tana kallon silin irin na mai hadda.

“Kaka,” ta ce, da Hausar da ta sha wuya a hanya, “gobe za mu je gidan Malam…”

Ta tsaya, leɓenta na motsi, sauran maganar ta ƙi zuwa. Sai ta juya da gudu.

Hajiya ta dafe ƙirji. Kaka! Kuma gidan Malam! Wata huɗu tana mitar a nemo wa yarinya malami na gaske, a bar wannan karatun Alƙur'ani ta waya, ashe Allah ya sa an ji. Ta fito da leshinta na zuwa biki da mayafi ruwan goro, ta ƙulle dabinon da aka sayo mata a unguwar Sparkbrook, don ba a zuwa wa malami hannu rabbana. Da safe ta yi wanka da humra har Zinatu, da ta iso a jirgin ƙasa daga Manchester, ta yi atishawa tun daga bakin ƙofa.

Mota ta bar gari, aka shiga gonaki da tumaki.

“Malamin nan a ƙauye yake zaune?” in ji Hajiya.

Abdurrahim ya ɗauka barkwanci take yi, ya yi dariya. “Ai ba ɗaya ba ne, Umma. Sun fi dubu.”

“Masha Allah,” in ji ta, ta gyara mayafi.

Da aka yi fakin sai ta ga wani dogon ɗakin gilashi, a samansa ƙaton hoton ƙwaro mai fukafukai ruwan lemo da baƙi.

“Ina malamin?”

“Ga shi nan, Umma. Malam-buɗe-littafi. Shifa ce ke da project a school a kansu, na koya mata sunan da Hausa don ta gayyace ki da bakinta. Ba ta faɗa miki ba?”

Zinatu ta dubi leshin, ta dubi ƙullin dabinon, ta durƙushe a gefen mota tana dariya har da hawaye.

“Abdurrahim,” in ji Hajiya a hankali, “ka tashe ni da sassafe, na sa leshi, in zo in gaida ƙwari?”

Ta so ta ce a bar ta a mota. Amma Shifa na tsaye da ɗan littafinta da fensir, tana satar kallonta. Hajiya ta ɗauki jakarta, ta bi su.

Ana tura labulen roba wani ɗumi mai danshi ya buge ta, da wari irin na bayan rumfar masu kayan gwari bayan ruwan sama. A kan faranti an jera ayaba da ta ruɓe ta yi baƙi, ƙwarin sun yi mata caa suna tsotsa. Wasu na yawo a saitin fuskar mutane ba kunya ba tsoro. Wani dattijon Bature ya tsaya ƙiƙam da guda a kan sanƙonsa, yana washe baki ana ɗaukarsa hoto. Tsigar jikin Hajiya ta tashi. Abin da ta yi rayuwarta tana kashewa, shi aka gina wa ɗaki, aka kunna masa na'urar ɗumi, har da ma'aikata masu yi masa hidima.

Ɗaya daga cikin ma'aikatan, wani mai gemu da ake kira Ethan, ya kai su wurin wasu shukoki. Nan ne Hajiya ta ga tsutsotsin da ke rikiɗa su zama ƙwarin nan masu fukafukai. Manya, ƙosassu, masu zanen rawaya da baƙi da fari, suna cin ganye suna kashi a wuri ɗaya. Guda ta sauko kan katakon da Shifa ta dafa, tana jan jiki zuwa yatsun yarinyar. Hajiya ba ta yi shawara da kowa ba, har da kanta. Babban yatsan ya yi aikinsa na Dawanau, wani koren ruwa ya fito.

“She killed him!” Shifa ta ƙwalla ƙara. “Daddy, she squashed him!”

Mutane suka juyo. Ethan ya yi ɗan murmushin dole ya ce ba komai. Abdurrahim ya shiga ba da haƙuri da Turanci, Latifa ta rungume yarinyar ta ja ta gefe. Hajiya ta zube a wani benci tana goge yatsa da tsumma, kunya na cin ta. Niyyarta ta kare yarinyar ce, amma wa zai fassara wannan?

Zinatu ta zauna kusa da ita, ta daina dariya. Don ta ɗauke mata hankali ta ce, “Umma, kin ji abin da mutumin ya ce? Irin waɗannan, monarch, a ƙasarsu tafiyar dubban mil suke yi. Kuma waɗanda suka tafi ba su ke dawowa ba. Jikokinsu ne ke gane hanyar gida.”

“To su sun yi sa'ar jikoki,” in ji Hajiya.

Ba ta rufe baki ba wani malam-buɗe-littafi ya sauko, ko humrar ce ta ja shi ko mayafin, ya zauna daram a kan karan hancinta. Hajiya ta ji 'yan ƙafafun nan suna kama fatarta ɗaya bayan ɗaya. Hannun dama ya ɗaga da kansa. Ta gefen fukafukin sai ta hango Shifa, ido jajir, ta kafe hannun da kallo. Hajiya ta sa hannun hagu ta cafke na daman, ta danne shi a cinya.

Ƙwaron ya ƙi tashi, ya haɗe fukafukansa ya yi zamansa. Zufa na bin bayanta. Da ta rasa yadda za ta yi, sai abin da ita da ƙawayenta suke faɗa suna yara a bayan gidansu ya faɗo mata, ta furta shi ta tsakanin haƙora, ba don so ba, don dai ya motsa ya ba ta wuri.

“Malam, buɗe mana littafi.”

Ya buɗe. Dama haka suke yi ko an roƙe su ko ba a roƙe su ba, amma Shifa ba ta san wannan ba. Ta ji kalmar da ta ɓace mata jiya, ta ga kuma tana aiki. Ta saki rigar uwarta ta matso har numfashinta na taɓa fuskar kakarta.

“Malam,” ta raɗa, “bude litafi.”

Ya rufe, ya sake buɗewa.

Da abin ya tsaya nan da Hajiya ta fita da mutuncinta. Sai wani ya zo ya sauka a cikin kunnenta. Nan haƙuri ya ƙare. Ta zabura da “Wayyo Allah na!”, ta watsar da mayafi, jaka ta kife, buta ta yi gefe, dabinon Malam ya warwatsu a ƙasa. Hajiya Raki guda, da leshinta, tana tsalle tana kaɗe kunne a gaban Turawa.

Shifa ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta ja wandon ubanta, ta yi masa tambaya a kunne, ya ba ta amsa yana danne dariya. Ta miƙe, ta nuna kakarta da fensir.

“Kaka matsoraciya!”

“Shifa!” in ji Latifa. “Say sorry, yanzun nan. Hajiya, ki yi haƙuri.”

“Ƙyale ta,” in ji Hajiya. Ta riƙe ƙugu ta harari yarinyar. “Ni ce matsoraciya? Ke mai ƙafa kamar tsinken tsire?”

Abdurrahim ya buɗe baki zai fassara, Zinatu ta taka masa ƙafa. Shifa ta dubi fuskar kakarta da kyau, sannan ta zaro mata harshe.

A banɗakin wurin Hajiya ta wanke yatsan sau bakwai, hancin sau biyar, kunnen kuwa ba adadi, kuma har yau in aka ambaci gidan nan sai ta tofar da yawu. Tana cikin wankin ta ji an ƙwanƙwasa ƙofa, wata 'yar murya ta ce, “Matsoraciya!”, sai ƙarar gudu. Da ta fito Zinatu ta tambaye ta me ya sami idonta, ta ce sabulu ne. A mota ta zauna kusa da yarinyar tana tsara sunayen da za ta raɗa mata, ɗaya kowace rana, na kwana takwas.