Su Uku Ne, Ɗaya Bayan Ɗaya Za a Kashe

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da wasu mutum biyu da suka ɗauki shatar motata zuwa Daura. Ban san su ba. Ɗaya mai tabarau ne, ɗayan kuma yana rungume da baƙar jaka, ya hana in sa ta a but. Ni kuwa tun da 'yan bindiga suka taɓa riƙe ni a daji, duk fasinjan da ya hana a taɓa jakarsa ina sa masa ido.

Hanyar ba laifi, sai ramuka nan da can. Gero ya yi kai a gonaki. A Kazaure muka tsaya shan koko. Ƙosan garin ya ƙanƙance, kuɗinsa ne kawai ya girma.

Muna komawa mota mai tabarau ya ɗaga waya. Na ji shi da kunnena yana cewa, "Su uku ne. Ɗaya bayan ɗaya za mu kashe. Sai mun kwashe abin da ke hannunta tukuna." Mai jaka ya ce, "Ta tsakiyar ce mai taurin kai, a bar ta ƙarshe."

Mata uku, ni kuma direban da ya kai makasan. Idan na yi magana, ni ne na huɗu. Idan na yi shiru, gaban alƙali zan ƙare. Na yanke shawarar in tona su a shingen jami'an tsaro na gaba. Da muka iso, jami'in yana fama da wata motar shanu, ko kallonmu bai yi ba, ya ɗaga hannu mu wuce.

A Daura muka tsaya a wani gini marar allon suna. Na bar makulli a jikin mota, na juya kanta waje. Mai tabarau ya ce, "Baba, shigo ka sha sanyi." Na shiga, amma a bakin ƙofa na tsaya.

Ɗaki ne mai sanyi kamar randa. Babu mace ko ɗaya. Na'urori ne uku a cikin wata doguwar durowar ƙarfe, fitilunsu na ƙyaftawa. Jakar kuwa wayoyi ne da sukundireba.

Na ce, "Waɗannan za ku kashe?"

Ya ce, "Su ne. Me ka zata?"

Da na faɗa masa, mai jaka ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ni ban yi ba.

Mai tabarau ya ce ta cikinsu saƙon tura kuɗi na 'yan kasuwar Mai'adua da Kongolam ke bi, don haka ba a barin aiki ya tsaya. Kullum na'urorin suna gaisawa da juna. Idan za a gyara ɗaya, sai a miƙa aikinta ga 'yar'uwarta, a sanar da sauran cewa hutawa za ta yi, sannan a kashe ta. In an kunna, a jira su karɓe ta kafin a taɓa ta gaba. Idan kuwa ta yi shiru ba sallama, sauran biyun ba sa yarda da ita, su da kansu suke yanke mata wuta don kada ta dawo ta ɓata aiki.

Wannan na gane shi. Na tsaya na ga an yi wa ukun haka. Ta tsakiyar ta daɗe kafin ta tashi, kamar yadda suka ce.

Bayan azahar muka sha fura a bakin kasuwa, mai kauri, nonon ba a tsuga masa ruwa ba. La'asar ta same mu a hanya, magariba a Kano.

Abin da na koyo kaɗan ne. Har gobe ban yarda da mai baƙar jaka ba. Amma ni mutum ne da ke sauke fasinja in ja mota ba ko waiwaye. Ran nan sai da na fito, na ba kowannensu hannu, na ce sai wani jiƙon. Na ji abin da ake yi wa wadda ta tafi ba sallama.