Shukar da ke bakin tagar Baba

A gidanmu na Madarumfa ba a taɓa shuka abin da ba a ci ba. Zogale a bayan gida, rama da kuɓewa in damina ta sauka, shi ke nan. Shi ya sa ranar da na shiga ɗakin Baba da kokonsa na tarar da wata shuka a bakin taga cikin babban gwangwanin tumatir, raina bai kwanta da ita ba.

Baba ya yi kusan shekara arba'in yana jan kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Maraɗi da Katsina. Hawan jini ya buge masa ɓarin hagu, ya ajiye tuƙi, ni kuma na nemi a maido ni koyarwa garinmu don in kula da shi, tunda innarmu ta riga mu gidan gaskiya. Wata bakwai ya yi kwance, fuska ga bango. Abinci sai na yi ta lallashi kafin ya yi loma uku. Likita ya ce ƙafar za ta ɗauke shi in zai yarda ya taka, shi kuwa ya ƙi. Tsorona kullum shi ne in shiga da safe in tarar ya tafi don kawai ya gaji da zaman duniya.

Na tambaye shi wa ya kawo shukar. Ya ce abokinsa na ƙauyen Sarkin Yamma. Na san tsohon, manomi ne da Baba ke ɗauko wa gero zuwa kasuwa tun ina ƙarama. Ba ni da abin faɗa a kan halinsa, sai dai ba ya salla, yana kan addinin kakanninsa. Ganyen kuwa dogaye ne kamar na albasa, amma sun fi faɗi, suna fitowa daga wani dunƙulallen gindi.

Kafin sati biyu Baba ya miƙe. Da ya idar da asuba sai ya ja ƙafa har bakin randa, ya ɗebo ruwa a moɗa, ya tsoma yatsa cikin ƙasar gwangwanin, sannan ya zuba a hankali. Da hantsi ya fito da ita ta sha rana, kafin azahar ya mayar. Ya fara cinye tuwonsa. Da wata ɗiyar ce sai ta yi hamdala ta kama bakinta. Ni kuwa malama ce, ko ɗalibi ya kawo mini amsa daidai sai na ga hanyar da ya bi. Na ce wata bakwai ƙwayoyin likita sun kasa tayar da mutum, ganye ya tayar da shi a kwana goma sha huɗu? Akwai magana.

Gwaggona ce ta ba abin suna. Ta zo gaida yayanta, ta leƙa ɗakin, ta fito ta ja ni madafa.

"Ke, kin san ko mi ne ne wancan?" ta ce ƙasa-ƙasa. "Gadali ne. Shi aka shukawa cikin tukunya, a ba shi hura ko nono, a gaya mai buƙata. Ki sa ido."

Na sa ido kuwa, har ya wuce misali. Na koma shara inda babu datti, in dai kusa da tagarsa ne. Ranar farko na ga ya ɗauraye kofin furarsa ya juye ruwan cikin gwangwanin. Rana ta biyu na ji shi da kunnena yana magana da ita: "To, kin sha. Kada ki ba ni kumya yau." Tsohon da ya rage masa ƴan shekaru, a ce ya ƙare yana roƙon ganye? Na gwammace ya koma kwance da ya tashi ta wannan hanya, kuma a lokacin gani nake ni kaɗai ce mai hankali a gidan.

Ranar Juma'a ya ɗauki sandarsa ya tafi masallaci, abin da ya yi wata bakwai bai yi ba. Ko wannan bai sa na tsaya na yi tunani ba. Na sa gwangwanin ƙarƙashin hijabi, na gangara bakin tabki, na wuce inda masunta ke ɗaure jiragensu, na wurga shi cikin ruwa. Da ya dawo na ce akuyar maƙwabta ce ta shigo.

Ya daɗe yana kallon bakin tagar. "Akuyar ta tahi da gwangwanin ma?"

Na ce ban sani ba. Washegari na kai koko na dawo da shi yadda yake. Kafin sati ya zagayo ya sake juya wa bango fuska.

Ranar kasuwa tsohon nan na Sarkin Yamma ya biyo. Na tare shi a zaure, na gaishe shi sama-sama, na ce, "Baba, don Allah mi ya sa ka kawo muna gadali gida?"

Ya ajiye buhunsa ya dube ni, ba fushi ba dariya. "Ɗiyata, gadali ina da shi, ba ni ɓoyewa. Amma sai an yi mai aiki yake zama gadali. Wanga albasar kwaɗi ce, nan bakin tabkinku na tone ta. Ubanki da ko yankana bai taɓa ci ba, shi zan kawo wa asiri?"

Na ce ai na ji yana yi mata magana, har fura yake ba ta.

"Ruwan ɗauraya ne, bai son ɓarna. Magana kuwa, haka yake yi ma motatai. Kullum da sahe sai ya buɗe gaba ya duba ruwan inji, ya ƙara, ya dafa ta ya ce kada ki ba ni kumya yau. Ku kuka ba shi magani, kuka ba shi tuwo, ba wanda ya ba shi abin da zai duba da sahe. Ina shukar take?"

Kunya ta rufe ni, don ni ma na san wannan kalma. Da ita nake farkawa ina yarinya, in ya tsaya gaban kamiyo a ƙofar gida, amma zargi ya hana ni tunawa.

Da yamma na bi tsohon bakin tabki ya nuna mini, na tone wata da hannuna. Na samo gwangwani, na huda gindinsa, na kai bakin taga. Baba ya juyo, ya miƙa hannunsa mai lafiya ya shafa ganyen ɗaya bayan ɗaya.

"Ba ita ba ce," ya ce. "Waccan ta kusa hure."

Duk da haka da safe na ji jan ƙafarsa zuwa randa. Ya koma cin abinci, ya koma fita, yanzu ma gwangwani huɗu ne a tagar. Bai sake tambayata ba, ni ma ban taɓa samun bakin faɗa masa ba. Sai dai Juma'ar da ta biyo baya ya dawo da sabon kwaɗo, ya sa aka kafa masa a ƙofar ɗaki. Tun daga ranar, ko masallaci zai je sai ya kulle ya jefa makullin aljihu, ina tsaye ina kallo.

"Saboda akuya," ya ce mini.